Mutumin da Ba Ya Cire Takalmi

A ƙofar gidan nan da muke haya a Hor Al Anz, takalma ne ke gaya mini wanda ke ciki da wanda ya fita. Idanuna sun yi rauni, saboda su ma aka kawo ni Dubai, da aka gama aikin sai ɗana ya riƙe ni, ya ce ba zan koma Damagaram in zauna ina hira da bango ba tunda mahaifiyarsu ta rasu. To, na zauna. Ba ni da aiki ban da sallah da shan shayi da sa ido, sa idon ma da ƙafa nake yinsa. In na fito sai in shafa tarin takalman nan, in gane silifas ɗin surukata, da sau-cikin ɗana mai santsi da yake zuwa shagonsa na kago, wato aika kaya ƙasashe, a Al Ras da shi, da ƙananan na yara waɗanda ba sa taɓa kwana kusa da 'yan'uwansu. Kwanakin baya na shafa, na ji babu na Takwara. Takwara jikana ne, ɗan 'yata, sunana aka sa masa. Na leƙa ɗakin da yake kwana, da rana tsaka, ga shi a miƙe kan katifa da waya a hannu, ƙafafunsa cikin wasu manyan takalma irin na soja, ya ɗaure igiyarsu tam. Wallahi na taɓa ganin irin wannan, na kuma san inda yake kaiwa.

Yaron nan bai daɗe da zuwa ba. 'Yan bindiga ne suka shiga ƙauyensu can bakin iyaka, suka kashe ubansa a gindin rumbu, suka kora shanu, suka bar 'yata da ƙananan yara da takaba. Kawunsa, ɗan nan nawa, ya yi masa biza ya kawo shi, ya sa shi ɗaukar kwalaye da ɗaure kaya a shago, don dai ya raba shi da wurin. Jikin ya zo Dubai, amma ban ga alamar sauran ya biyo ba. Ba ya dariya, abinci sai an matsa masa, kullum kansa na cikin waya yana kallon samarin garinsu da suka yi sa-kai, ga su da layu da bindigogi suna kirari.

Na ce, "Takwara, yaƙi za ka yi da na'urar sanyin nan, ko ƙafar ce ke jin ɗari?"

Ya ce, "A kasuwar 'yan China na same su da araha, Tsoho. Na ɗaukar kaya ne."

"Kayan a kan katifa suke?"

Da can zai rama, ya ce mini tsohon da ba ya gani me ya sani game da kaya. Wannan karon sai ya juya fuskarsa bango. Da na yi wa ɗana maganar, ya ce, "Baba, fasfo ɗinsa yana hannuna, khalas, shi ke nan, ina zai je?" Ɗana mutumin kirki ne, amma a cikin lissafin kwantena ya girma, bai san cewa yaron da ya fara kwana da takalmi ya riga ya tafi a ransa ba.

Mu a zamaninmu takalmi ba abin wasa ba ne. Da yawanmu sai mun fara tsiro gemu muke samun na kanmu, kuma ko ka samu, rabin yininka a hannu kake riƙe da shi. Ka hango dattijo a kan hanya, ka tuɓe. Ka zo wucewa ta ƙofar malami, ka tuɓe. Zaure kuwa ba a ma magana. Mahaifiyata takan ce daga yadda yaro ya ajiye takalminsa take gane irin gidan da ya fito. Har yanzu in na rufe ido ina jin garin nan da safe: lugudan mata daga gida zuwa gida, kukan jakunan masu ruwa, ƙarar guduma daga garejin manyan motocin gyaɗa, da muryar yaran mota suna kiran juna da sunayen banza. A nan kuwa in na kasa kunne, na'urar sanyi nake ji da jiniyar motoci, sai maƙwabcinmu ɗan Pakistan da ke faɗa da wayarsa. Yara suna shigowa su wuce ni da "Salam, Kaka" kamar masu jefa tsakuwa a rijiya. Ba na ganin laifinsu, haka suka tarar.

A garejin nan na koyi kanikanci bayan na bar lakwal, makarantar boko, a hannun wani Bature da gari duka ke kira Mai Takalmi. Siriri ne, mai ƙaramar murya, gashinsa ya yi fari tun bai kai shekarun furfura ba. Sauran Turawa ba sa shiga gidajenmu, don haka babu ruwan kowa da ƙafafunsu. Shi kuwa yana shiga. Ya iya Hausa karkatacciya, yana cin tuwo da hannu, in an yi rasuwa a gidan wani direba yana zuwa gaisuwa. Amma fa da manyan takalmansa zai taka tabarma ya zauna. Kai, abin nan ya ci wa mutane rai! Mahaifina, wanda dillalin fata ne mai son a girmama zaurensa, yakan ce gara Baturen da ya tsaya a mota ya aiko kira da wannan da zai shigo ya taka maka wurin sallah. In ya tafi, mahaifiyata takan sa a fitar da tabarmar a kakkaɓe a shanya, tana mita. Yara suka ce kofato ne da shi kamar jaki, shi ya sa yake ɓoyewa. Mu da ke aiki da shi mun san ko barcin rana zai yi a ƙarƙashin mota, da su yake yi, a ɗaure. Mun kuma san kullum akwai guntun burodi a aljihunsa, ko da ya ƙoshi. Wani tsohon soja da ya yi yaƙin Turawa ne ya ce mana Bayahude ne. Mu kuwa a wurin tafsiri kawai muke jin sunan Yahudawa, ba mu taɓa zaton za mu ga ɗaya kwance cikin baƙin mai yana zagin kabureta ba. Muka haɗa da abin takalmin, muka yanke cewa girman kai ne, shi ke nan.

Bayan an sauke tutar Faransa, siyasa ta ɗau zafi a ƙasarmu. Yayana yana cikin jam'iyyar da aka hana. Wata safiya jandarma suka zo suka ɗaure shi a gaban mahaifiyarmu, suka jefa shi a mota, daga baya aka aiko mana cewa ya mutu a kurkuku can arewa. Ba gawa, ba kabari, ba wanda za ka tambaya. Mahaifina ya daina zuwa kasuwa. Ni kuwa wuta ce kawai a cikina, ban fi shekara goma sha bakwai ba. A lokacin samari na sulalewa su tsallaka iyaka, ana cewa can ana koya musu bindiga su dawo. Abokina ɗan gidan maƙera ya ce ya san hanya, in shirya kawai, ko yaushe za a iya cewa a tashi. Na sayi takalmin taya mai maɗauri a dunduniya, na daina cire shi ko da zan kwanta, sai in ja zane in rufe. Na fara tara dabino da ƙuli-ƙuli a aljihu. Ina ganin babu wanda ya lura. Ran nan muna kwance ƙarƙashin wata mota ni da Mai Takalmi, na miƙa masa sifana, sai na ga ba hannuna yake kallo ba. Ya dubi ƙafata, ya dubi aljihuna da ya kumbura, sannan ya karɓi sifanar.

Bayan la'asar sai ga shi a ƙofar zaurenmu. Mahaifina na zaune da abokansa biyu, yana hango shi ya ɓata rai, ya ɗan janye buzunsa gefe. Amma mutumin bai shigo ba. Ya zauna a dakalin ƙofa, ya sunkuya, ya fara kwance igiyar takalminsa a hankali. Ya cire, ya cire safa, ya jera su a gefen namu. Babu kofato. Ƙafar hagu yatsu biyu suka rage mata, ta dama kuwa kamar an datse gabanta da wuƙa, fatar ta tattare ta yi fari fat. Ya tako tabarma yana ɗingishi, don ashe takalmin ne ke riƙe masa tafiya. Mahaifina ya dubi abokansa, suka tashi suka ba mu wuri. Mai Takalmi ya juyo gare ni ya ce da Faransanci, "Hausata ba za ta ɗauki wannan ba. Kai za ka fassara wa babanka. Kada ka rage komai."

Haka na zauna tsakaninsu, yana faɗa ina mayarwa, kuma saboda sauri sai na riƙa cewa "ni" kamar yadda yake cewa. Ya ce an haife shi a wata ƙasa mai tsananin sanyi gabas da Jamus, inda ƙanƙara ke rufe ƙasa wata da watanni. A gidansu ma ba a shiga da takalmi, dokar mahaifiyarsa ce, ba ta son a jiƙa mata daɓe. Da sojojin Jamus suka ci ƙasar, aka tara Yahudawan garin a unguwa ɗaya aka kewaye da waya, aka sa kowa ya ɗinka tauraro rawaya a riga, aka hana su makaranta da kasuwa. Yunwa ta fara ɗaukar tsofaffi da jarirai. Yana da shekara goma sha shida aka zo kwashe unguwar gaba ɗaya da sassafe. Sojoji na dukan ƙofa, takalmansa na bakin ƙofar. Mahaifiyarsa ta tura shi ta taga shi da ƙanwarsa, ta ce su gudu kada su waiwaya. Ya gudu a kan ƙanƙara ƙafa ba komai, yarinyar a bayansa. Kafin ya kai daji ta daina amsa masa. Da hannu ya tona mata wuri a cikin ƙanƙara. Iyayensa kuwa an zuba su a jirgin ƙasa tare da sauran, zuwa inda ake kashe mutane da hayaƙi mai guba. A nan harshena ya sarƙe, na ce da shi ban gane ba. Ya maimaita. Na gane sarai, bakina ne ya ƙi.

A dajin ya tarar da samari da 'yan mata irinsa, Yahudawa, sun haƙa ramuka suna kwana, da 'yan bindigogin da suka ƙwato. Wata yarinya sa'arsa ce ta yanke masa yatsun da suka yi baƙi, ta ba shi itace ya ciza. Ya ɗaɗe ƙafa da tsumma har ranar da ya harbi mutum na farko, wani soja da bai girme shi da komai ba, ya zare takalman daga ƙafarsa da sauran ɗuminsu. Tun daga ranar bai sake yarda takalminsa ya kwana a bakin ƙofa ba. Ya ce sun yi ta fasa hanyar jirgi, suna tare motoci, kuma bai zo ya ce mana yana nadama ba. Amma akwai wani ƙauye da ke ba su burodi a ɓoye, bayan sun kayar da wani jirgi sai sojoji suka zo suka ƙone shi da mutanensa a ciki, su kuwa suna laɓe a daji suna jin ƙauri. Yarinyar da ta yi masa aiki an kama ta an rataye. Da yaƙi ya ƙare ya koma gidansu, ya tarar da takalman wasu mutane a bakin ƙofa, matar gidan ta leƙo ta tambaye shi wa yake nema.

Mahaifina ya daɗe yana jan carbi. Can ya ce, "Tambaye shi. Da za a mayar da shi wancan lokaci, zai sake shiga dajin?"

Na tambaya. Ina fatan ya ce i, don in samu hujja. Ina kuma tsoron ya ce i.

Ya ce, "Zan shiga. Ba su bar mini wata ƙofa ba." Sai ya bar Faransanci, ya dube ni, ya ce da karkatacciyar Hausarsa, "Amma ni, babu mai jira na a gida. Kai akwai."

Sai a lokacin na lura dakan da ake yi a cikin gida ya tsaya tuntuni. Mahaifiyata, wadda ba ta taɓa leƙo zaure da baƙon namiji a ciki ba, ta ɗaga asabari ta fito da ƙwaryar ruwa, ta ajiye a gaban ƙafafun nan ba a gaban hannunsa ba. Ba ta dube shi ba, ni ta duba. Ta ce, "In tafiya za ka yi, ka tuɓe wannan abin ka shigo ka gaya mini da bakinka. An ɗauke mini ɗaya ina kallo. Kada kai kuma in tashi in tarar ba ka nan." Na sunkuya na kwance maɗaurin. Ban iya shiga na gaya mata ba, ban kuma iya tafiya ban gaya mata ba. Tabarmar ranar ba a fitar da ita shanya ba.

Abokina ɗan maƙera ya tafi. Bayan an daɗe aka kamo shi da wasu a kan hanyar dawowa, aka harbe su a fili, aka tilasta wa mutane kallo. Ni na zama direba, na yi aure, na tsufa. Ba zan yi wa kowa ƙarya ba, har gobe abin nan bai kwanta mini ba. Wata rana in ce Allah ne ya tsirar da ni, wata rana in ce yayana ya mutu babu wanda ya tashi dominsa. Mai Takalmi kuwa ya bar garin shekarar da fari ya kashe gyaɗa, garejin ya zama kango, ban sake jin ɗuriyarsa ba. Yanzu dai na san ƙasa ta rufe shi a wani wuri, kuma ina rantsuwa cewa da takalmansa a ƙafa aka same shi.

Abin da ke tayar mini da hankali shi ne, mu a lokacinmu labari a motar gyaɗa yake zuwa, ya iso ya huce, mutum ya ji sau ɗaya ya yi kukansa. Takwara kuwa gobarar ƙauyensu tana cikin aljihunsa, wani ya ɗauka a waya, yana kunna ta safe da yamma. Samarin can suna aiko masa da murya, suna cewa ɗan wane yana Dubai yana shan sanyi, jinin ubansa na ƙasa. Yo wane fasfo ne zai tare wannan?

Ranar Juma'a bayan an sauko, ɗana ya kwashi iyalinsa zuwa International City gaida wasu 'yan'uwa, aka bar mu mu biyu. Na lura ko a masallaci yaron nan a leda ya sa takalman ya shiga da su, ya ajiye a gabansa. Na kira shi ya haɗa mini shayi, na ce ya zauna, na ba shi labarin nan kaf. Da na ambaci Bayahude sai ya ɗago kai ya ce, "Haba Tsoho, su waɗanda muke gani a waya? Su za ka kawo mini misali?"

Na ce, "Abin da kake gani a waya ni ma yana hana ni cin abinci. Amma ni mutum ɗaya nake gaya maka, wanda ya ci tuwon gidanmu, wanda aka yi wa abin da aka yi maka har da ƙari. Saurara, marar kunya."

Ya saurara har ƙarshe. Shayin ya huce a hannunsa. Sannan ya yi mini tambayar da nake gudu, irin ta mahaifina sak, ko mutumin ya ce zai sake shiga dajin. Na so in ce a'a, wallahi na so, babu mai ƙaryata ni a duniya. Amma an ce da ni kada in rage komai. Na ce, "Ya ce zai shiga, don ba a bar masa wata ƙofa ba."

"To ni ma ba a bar mini ba."

"Uwarka fa? Ƙannenka fa? Kai kaɗai ne namijin da ya rage mata."

Ya dube ni ido cikin ido, abin da bai taɓa yi ba, ya ce, "Kai da ka zauna, Tsoho, me ka samu?"

Maganar ta soke ni, don ita nake yi wa kaina tun kafin a haifi uwarsa. Na ce, "Ban samu yayana ba. Ban samu barci mai daɗi ba. Na samu uwarka, na same ka. Iyakar abin da na samu ke nan, kuma shi kake shirin kai wa daji."

Sai na dafa kujera na sauko ƙasa, gwiwoyina na ƙara, na laluba har na kama igiyar takalminsa na fara kwancewa. Ya zabura. "Subhanallahi! Tsoho, tashi! Don Allah tashi, me kake yi haka?" Ya kama hannuwana, na ture shi, na ce ya bar ni, ɗaurin nasa ma na ragwaye ne. Ban gama ta farko ba na ji ɗumi na ɗiga a bayan hannuna. Yaron da kawunsa ya ce ko a wurin jana'izar ubansa bai zubar da hawaye ba, ya kife a kafaɗata yana kuka kamar za a zare masa rai. Na ce da shi abin da aka ce da ni: in zai tafi, ya kira uwarsa ya gaya mata da bakinsa, sannan ya zo ya gaya mini, kada in tashi in tarar ba ya nan.

Bai yi mini alkawari ba, ban kuma nema ba. Da kansa ya cire ɗayan, ya ɗauke su ya kai bakin ƙofa. Da na je na shafa, na ji ya jera su daban da na kowa, bakinsu na kallon waje. Ban juya su ba, ba ni da wannan ikon. Amma yanzu kullum in na tashi, kafin in yi alwala, kafin in ce wa kowa ina kwana, sai na ja ƙafa zuwa ƙofar nan ina addu'a a raina, in miƙa yatsuna cikin tarin takalma ina nema. Yau da safe suna nan.